Hoto yana motsi, murya ta ɓata: daga kyamara zuwa faifan DVD

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar bidiyon biki da suna ne, kuma da kaina nake tacewa. Abu uku sun dame ni. Na sayi sabuwar kwamfuta, amma duk fayil ɗin kyamarata da na jefa cikin manhajar tacewa sai hoto ya fito ba sauti, alhali VLC yana kunna shi da murya tas. Na biyu, idan na haɗa da bidiyon da 'yan'uwan amarya suka ɗauka da waya, da farko baki da murya suna tafiya tare, kafin a kai ƙarshe sun rabu. Na uku ya fi ba ni kunya: na buga wa iyayen amarya faifan DVD, a shagona ya yi magana, a gidansu ya koma bebe. Laifin kwamfuta ne ko na faifai? Don Allah a taimaka."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka kawo ƙara uku, amma da wuya kwamfuta ko faifai su kasance masu laifi a ko ɗaya daga ciki. Abin da ke faruwa shi ne, sautin da ka ɗauko yana wucewa ta hannu huɗu ko biyar kafin ya isa kunnen mai biki: kyamara, waya, manhajar tacewa, manhajar shirya faifai, sannan na'urar da ke falon mutane. Kowannensu da irin sautin da ya iya karantawa, kai kuma kana miƙa musu duk abin da ya zo hannunka.

Kwano daban, miya daban

Sunan da kake gani a ƙarshen fayil, MP4 ko MOV ko MKV ko MTS ko VOB, sunan kwano ne kawai. A cikinsa hoto yana gefe, sauti yana gefe, kowanne an matse shi da tasa dabarar, wadda muke kira kodek. Kwanon MP4 biyu na iya kama da juna a ido, ka buɗe murfi ka tarar ɗaya AAC ne a ciki, ɗaya AC-3. Manhaja na iya gane kwanon, ta iya karanta hoton, ta kasa karanta sautin. Shi ya sa kake ganin amarya tana murmushi a teburin tacewa, layin sauti kuma fayau.

VLC ba shaida ba ne a wannan shari'a. Shi bakaniken tafi-da-gidanka ne, yana yawo da kodek ɗinsa a jaka, bai dogara da abin da ke cikin Windows ba. Don ya kunna fayil, abin da ka tabbatar kawai shi ne sautin yana nan bai lalace ba. Abin da za ka sa a kwamfutarka yau shi ne MediaInfo, kyauta ne kuma ba shi da nauyi. Ka jefa fayil a ciki ka dubi abu uku a ɓangaren sauti: sunan kodek, yawan awon da ake ɗiba a daƙiƙa (wato sau nawa na'ura ke auna sautin), da yawan layuka (hagu, dama da sauransu). Ni ba na fara taɓa aikin kowa sai na yi wannan.

Tunda ka ce kyamara ce ta biki, zato mafi ƙarfi shi ne tana fitar da MTS, wato tsarin AVCHD da Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006. Yawancin waɗannan kyamarori da AC-3 na kamfanin Dolby suke naɗar sauti. A da manhajojin tacewa suna zuwa da abin karanta AC-3 nasu. Daga Premiere Pro CC 2018, Adobe ya daina sa nasa, ya koma dogaro da wanda ke cikin Windows ko macOS, kuma a lokacin masu Windows 7 ne suka wayi gari fayilolinsu sun yi shiru. Sai kuma a 2024 Microsoft ya sanar cewa daga Windows 11 bugun 24H2 ba zai ƙara haɗa AC-3 a ciki ba. Wanda ya ɗaga tsohuwar kwamfutarsa zuwa wannan bugu yakan ci gaba da samun sa, wasu masu ƙera kwamfuta ma suna sa shi da kansu, amma wanda aka yi wa sabon zubi daga tushe yana iya rasa shi. Sabuwar kwamfuta, tsohuwar kyamara, hoto ba sauti: labarinka ya yi kama da wannan sosai. Irin wannan giɓi ba a Windows kaɗai yake ba. DaVinci Resolve a kan Linux, alal misali, ba ya karanta AAC, wanda shi ne sautin kusan kowace waya.

Za a ba ka shawarar ka sauke tarin kodek daga intanet ka zuba. Ban cika son wannan ba. Manyan manhajojin tacewa sau da yawa ba sa ma duban su, kuma idan suka yi karo da juna sai ka rasa inda ciwon yake. Hanya mafi tsafta ita ce ka canza wa sautin riga tun a bakin ƙofa, ka bar hoton yadda yake. Da FFmpeg, manhajar juya fayilolin bidiyo da sauti da ake rubuta wa umarni, layi ɗaya ne:

ffmpeg -i 00012.MTS -c:v copy -c:a pcm_s16le -ar 48000 00012.mov

Wannan umarni ya kwafi hoton ba tare da ya sake matse shi ba, saboda haka ingancinsa bai ragu ko kaɗan ba, kuma aikin ba ya daɗewa. Sautin ne kawai ya warware ya mai da shi PCM, wato sauti miƙaƙƙe irin na WAV, wanda babu manhajar tacewa da ba ta san shi ba. In baƙin allon rubuta umarni yana ba ka tsoro, Shutter Encoder yana yin aikin da danne-danne, kuma FFmpeg ɗin ne a ƙarƙashinsa.

Wani abu kuma game da katin kyamara: ka riƙa kwafe shi ɗungurungum da manyan fayil da ƙanana, kada ka tsinci MTS kaɗai ka bar sauran. Katin da aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4 GB, don haka dogon ɗauka kyamara takan yanka shi gunduwa-gunduwa, kuma ba ta damu ko yankan ya faɗa tsakiyar kalma ba. Ƙananan fayilolin nan su ne ke gaya wa manhaja cewa guntayen abu ɗaya ne. In ka jera su da hannu, a kowace mahaɗa za ka iya jin sautin ya ɗan tsinke, kuma kamar da gangan, a tsakiyar addu'ar ɗaurin aure yake faɗawa.

Yadda baki ke rabuwa da murya

Kafin ka nemi magani, ka gane wace irin rabuwa ce. Ka duba wuri uku, farko da tsakiya da ƙarshe, ka nemi inda aka tafa ko aka buga kalangu, ka ƙirga firam nawa ne, wato hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo, tsakanin bugun da sautinsa.

Idan tazarar ɗaya ce a ko'ina, abin mai sauƙi ne, ka ja layin sautin gaba ko baya shi ke nan. Wani lokaci kodek ne ya jawo, domin AAC yakan sa ɗan shiru a farkon fayil, na Apple awo 2112 ne, kusan daidai da firam ɗaya a bidiyon da ke tafiya firam 25 a daƙiƙa, kuma ba kowace manhaja ce ke cire shi ba. Wani lokaci kuwa ba ruwan kwamfuta. Sauti yana tafiyar mita 343 ne a daƙiƙa, don haka duk mita 14 tsakanin lasifika da kyamara jinkirin firam ɗaya ne. Mai kyamarar da ya tsaya can bayan ɗakin taro ya riga ya ɗauko jinkirinsa tun daga wurin biki.

Idan tazarar tana ƙaruwa a hankali kuma daidai wa daida, to lissafi ne ya saɓa. Harkar bidiyo a kan awo 48,000 a daƙiƙa take tafiya, faifan CD na waƙa kuma da yawancin MP3 a kan 44,100. Manhajojin yanzu sukan daidaita wannan da kansu, amma idan aka samu wadda ta ɗauki sautin 44.1 ta kunna shi a matsayin 48, zai yi gudu da kusan kashi 9 cikin 100: sautin awa ɗaya ya ƙare a minti 55, murya kuma ta ƙanƙance, dattijo ya koma magana kamar saurayi. Wannan ba ya ɓoyuwa. Wanda ya fi shi lalata aiki a ɓoye shi ne bambancin firam 30 da 29.97, wanda ke tara daƙiƙa 3.6 a awa ɗaya. Haka kuma idan ka naɗi sauti da rikoda daban, agogon cikinta da na kyamara ba za su taɓa zama ɗaya cif ba; saɓanin kashi 1 cikin 20,000 ya isa ya ba ka firam huɗu zuwa biyar a awa. Maganinsa shi ne ka daidaita farko, ka je ƙarshe ka ga nawa ya zame, sai ka ɗan miƙe ko ka ɗan tsuke sautin da wannan gwargwado.

Naka kuwa, tunda na waya ne, na fi zargin na ukun: tazarar da ba ta da tsari, nan ta yi daidai, can ta zame, gaba kuma ta ƙara. Waya ba ta riƙe yawan firam a wuri ɗaya. Idan haske ya yi ƙasa ko ta ɗau zafi sai ta rage, in abu ya daidaita ta koma, tana rubuta lokacin kowane firam a cikin fayil. Sauti kuma yana tafiyarsa ba ya jiran kowa. Manhajar kallo tana bin waɗannan lokuta, shi ya sa a wayar komai lafiya. Manhajar tacewa kuwa an gina ta ne a kan cewa kowane firam tsawonsa ɗaya. Ka tuna dina da daddare ake yi, cikin fitilu masu walƙiya, wato daidai yanayin da waya ta fi yin wannan hali. MediaInfo zai nuna maka ko yawan firam ɗin tsayayye ne ko mai canzawa. In mai canzawa ne, ka wuce da shi ta manhajar HandBrake, ka zaɓi firam 25, ka danna "Constant Framerate", sannan ka shigar da shi aiki. A nan dole a sake matse hoton, don haka ka ba shi inganci mai yawa. Kuma ka roƙi 'yan biki su turo maka ta kebul ko a matsayin "Document" a WhatsApp, domin bidiyon da ya bi ta WhatsApp yadda aka saba an riga an matse shi sau ɗaya.

Waƙoƙin da amarya ta zaɓa da saƙon murya na gaisuwa daga ɗan'uwan da ke Saudiyya su ma ƙa'idarsu ɗaya. Waƙar MP3 ce, sau da yawa mai nauyin da ke hawa da sauka, abin da ke rikita wasu manhajoji wajen ƙirga tsawonta. Saƙon muryar kuma Opus ne, wanda ba kowace manhajar tacewa ke buɗewa ba. Duka ka mai da su WAV, 48,000, bit 16 ko 24, kafin su taka teburin tacewa. Audacity zai yi maka. Ka dai tabbata sake awon ka yi na gaskiya, ba lambar kawai ka canza ba, in ba haka ba ka jawo wa kanka muryar saurayin nan da hannunka.

Faifan da ya koma bebe

Tambayar farko: DVD ka buga, ko fayil ka zuba a kan faifan DVD? Ka sa shi a kwamfuta ka buɗe. DVD na gaskiya yana da jakar VIDEO_TS, a ciki akwai fayilolin VOB da IFO da BUP. In MP4 ko AVI ka gani zaune shi kaɗai, to ajiya ka yi, kuma kunna shi ya rage ga sa'ar na'urar. Wasu za su nuna hoton su kasa sautin, wasu su ƙi gaba ɗaya.

DVD tsari ne na tsakiyar shekarun 1990, kuma ba a sake masa doka don wayoyinmu ba. Sautinsa 48,000 ne, sai PCM da aka yarda ya kai 96,000. Babu 44,100, babu AAC, babu MP3. Abin da ya sani shi ne PCM, da AC-3, da MP2, sai DTS a matsayin ƙari. Waɗanda suka fara wannan sana'a a zamanin VCD, lokacin da kasuwar finafinan Hausa ke kan faifan CD, hannunsu ya saba da wani abu daban, domin VCD da MP2 yake aiki a kan 44,100. Na sha ganin tsohon hannu ya ɗauko saitin VCD ya kai wa DVD, ya zauna yana mamakin abin da ya sa manhaja ta ƙi karɓa.

A cikin ukun farko, AC-3 sitiriyo nake ba kowa shawara, kilobit 192 ko 224 a daƙiƙa. MP2 halal ne a faifan PAL, wato mai firam 25 da hoto 720 sau 576 irin wanda muke bugawa a Najeriya da Nijar, amma ba ya cikin abin da aka wajabta wa na'urorin da aka ƙera don Amurka. Kasuwarmu kuwa cike take da kayan gwanjo daga ko'ina, ba ka san daga inda na'urar surukan wani ta fito ba. Wasu manhajoji masu araha MP2 suke zaɓa da kansu ba tare da sun tambaye ka ba, don haka ka jefa VOB ɗaya a MediaInfo ka gani da idonka. PCM kowace na'ura tana karanta shi, sai dai cin wuri: kilobit 1,536 a daƙiƙa, kusan MB 690 a awa. Faifai mai 4.7 GB idan za ka sa masa bikin awa biyu, abin da kake da shi gaba ɗaya bai fi megabit 5.2 a daƙiƙa ba. PCM zai cinye ɗaya da rabi ya bar wa hoto kusan uku da rabi, sai ka ga leshin amarya yana farfashewa duk lokacin da ta juya. AC-3 a 192 kuwa MB 86 ne kacal a awa. DTS kada ma ka kusance shi a aikin biki.

Idan MediaInfo ya nuna AC-3 ne a kan 48,000, to faifanka ba shi da laifi ta wannan fuska, sai ka je gidan da kanka ka leƙa bayan talabijin. In da igiyoyi uku aka haɗa, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, ka duba ko duka suna ciki. Gidaje da yawa fara kaɗai suke sawa, kai kuma wataƙila muryar tana layin dama ne kawai. In HDMI ne ko an bi ta amfilifaya, ka shiga saitin na'urar ka nemi wurin fitar da sauti. Idan yana kan RAW ko Bitstream, na'urar tana tura sautin a dunƙule ne don talabijin ya warware, shi kuma mai yiwuwa bai iya ba. Ka mai da shi PCM. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

Akwai kuma wani wanda ba na kodek ba ne sam, amma ya fi kowanne kama da shi, kuma ni ya taɓa cin mutuncina. Walimar saukar Alƙur'ani ce. Don in samu muryar malam tsaf, na jawo sauti daga miksar masu lasifika da wata igiya da aka haɗa mini a kasuwa, bakin XLR mai ƙusa uku irin na makirufo a can, ƙaramin baki na sitiriyo a nan. Na dawo shago na sa abin kunne, murya garau. Na haɗa da ɗan sautin kyamara don a ji motsin jama'a, na buga faifai na kai. Bayan magariba mahaifin yaron ya kira ni: "Malam, muna ganin bakin malam yana motsi, amma ƙarar janareta kawai muke ji da surutun yara." Washegari na je na zauna a kan tabarma gaban ƙaramin talabijin ɗinsu mai lasifika ɗaya, na ji da kunnena. Abin da ya faru shi ne, layin XLR yana ɗauke da sauti biyu ne, ɗaya a miƙe ɗaya a kife, igiyar nan kuma ta kai ɗaya hagu ɗaya dama. A abin kunne kowane kunne yana jin nasa, ba ka lura. Talabijin mai lasifika ɗaya kuwa haɗa su yake yi, na miƙe da na kife su cinye juna, sai abin da kyamara ta ɗauka ya rage. Gyaran bai kai minti biyu ba: na ɗauki layin hagu kaɗai na cika shi a ɓangarorin biyu. Tun daga ranar ba na fitar da aiki sai na haɗe sautin ya zama mono, wato layi ɗaya, na saurara. Idan a gidan surukan nan ana jin kiɗa ko hayaniya amma magana ce ta ɓata, ka fara da wannan. Ɗan'uwansa shi ne kyamarar da aka bari a kan 5.1, wato sauti mai layi shida, inda magana ke layin tsakiya, manhaja kuma ta ɗauki hagu da dama kaɗai ta zubar da sauran. Ka sa kyamararka a sitiriyo.

Wajen fitar da aiki, kada ka fitar da MP4 sannan ka ba manhajar faifai ta juya shi, matsa biyu ke nan a kan sauti ɗaya. Ka fitar da hoton MPEG-2, wato kodek ɗin hoton DVD, daban, sautin WAV daban, a matse shi zuwa AC-3 sau ɗaya tak. Ka kuma sani manhajojin shirya DVD da aka fi sabawa da su sun tsufa: Apple ya ajiye DVD Studio Pro a 2011, Adobe Encore kuma bugunsa na ƙarshe CS6 ne na 2012. Ba su san fayilolin wayoyin yau ba, don haka sai ka kai musu abin da suka sani. DVDStyler kyauta ne kuma yana yin AC-3 da kansa. Ka buga a saurin 4x ko 8x, ka fara gwadawa a faifan DVD-RW, kuma ka ajiye tsohuwar na'ura mai araha da ƙaramin talabijin a shago don gwaji. Kwamfutar da ka yi aikin a kanta ba za ta taɓa tona maka asirin faifan ba. Masu karɓa a filasha kuma nasu akasin haka ne: MP4 mai hoton H.264 da sautin AAC sitiriyo a kan 48,000, shi ne talabijin da waya suka fi yarda da shi.

Abin da duk wannan ba zai gyara ba shi ne sautin da ya fashe tun wurin ɗauka. Idan mai lasifika ya ƙure miksa har zanen sautin ya zama kamar an aske kansa da reza, juya shi zuwa WAV ba zai dawo da abin da ya yanke ba, sai dai a ɗan rage kaifinsa. Sannan duk abin da na faɗa a kan kyamararka da na'urar gidan can na gina shi ne a kan alamun da ka bayar. Ka turo mini abin da MediaInfo ya rubuta a kan fayil ɗaya na kyamara, ɗaya na waya, da VOB ɗaya daga faifan, tare da hoton bayan na'urar da igiyoyinta a haɗe. Ka kuma tambayi mutanen gidan ko shiru ne ɗif, ko akwai abin da suke ji.